Babi na Biyar: Wayar da Ake Buɗe Bayanta

Duk wanda ya zo neman shawarata kan wayar da zai saya, kafin mu kai ga maganar kyamara ko sunan kamfani, nakan tambaye shi awa nawa ake ba su wuta a unguwarsu. Sai in ƙara da cewa, idan gilashin wayar ya fashe gobe, wa zai canza masa, kuma a nawa? Da yawa sukan ga kamar na kauce wa abin da ya kawo su. Su dai so suke in ambaci suna, in ce Samsung ko Tecno ko iPhone, su kama hanyar kasuwa. Ni kuwa a wurina ba a sanin waya ranar da aka fitar da ita daga kwali. Sai ta shekara biyu a aljihu, ta sha zafin bazara, ta sha ƙurar hunturu, ta faɗi a kan siminti, sannan mutum zai san abin da ya saya.

Mun fara riƙe wayar salula a Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka buɗe layukansu, bayan kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi a farkon shekarar. Kafin nan layukan NITEL na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mai neman layi a gidansa sai ya haɗa da kamun ƙafa. Farkon zuwan salular ma ba ta talaka ba ce. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko da sallama kawai ka yi layin ya yanke an ci kuɗin minti guda. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka sassauto. A shekarar nan ce kuma kamfanin Nokia ya fitar da wayar da har yau nake ganin ba a ƙera wa mutanenmu kamarta ba, wato 1100.

Ba ta da kyamara, fuskarta ba kala, ba ta shiga intanet. Amma wanda ya zana ta ya zauna ya yi tunanin mutumin da zai riƙe ta. Madannanta a haɗe suke cikin roba guda don kada ƙura ta sami kafar shiga. Gefunanta ba sa santsi a hannu mai gumi. A samanta akwai tocila, kuma duk wanda ya taɓa laluben ashana cikin dare bayan an ɗauke wuta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Caji ɗaya yakan kai mutum kwanaki. An sayar da sama da guda miliyan 250 a duniya, abin da ya sa ta cikin wayoyin da aka fi saya a tarihi. Da manyan wayoyi suka zo, samari suka laƙaba wa ire-irenta sunan raini, rakani-kashi, alhali ita ce ke saura da caji ranar da ta kowa ta mutu.

Abin da ya fi tocilar daraja a wurina yana bayan wayar. Ka tura murfi da babban yatsa, ya zame, ga batir nan a fili, ɗan mitsitsi mai lamba BL-5C. Wannan batirin ya yi rayuwar da ta fi ta wayar kanta tsawo. Nokia ya sa shi a wayoyinsa masu yawa, masu ƙere-ƙere a Sin suka ga ya cika kasuwa, sai suka riƙa yin kayansu daidai da girmansa. Shi ya sa har gobe za ka buɗe bayan 'yar rediyon da dattijo ke jin labarai da ita, ko ƙaramar sifikar da ake sa wa memori a saurari karatu da wa'azi, ka tarar da shi kwance. Ba wata hukuma da ta zauna ta ce a yi haka. Kasuwa ce ta ga abu mai kyau ta riƙe.

Tsarin rayuwa guda ya ginu a kan wannan batirin, kuma ina ganin ba mu lura da abin da muka rasa ba. A wancan lokacin mutum ba ya kai wayarsa wurin mai caji. Batirin yake cirewa ya kai, mai caji ya manna masa lamba da farar tef, ya saita shi a bakin caja mai ƙarafa biyu, shi kuwa mai waya ya sa na biyu da ke aljihunsa ya ci gaba da harkokinsa. Wayar tana hannunsa, lambobinsa da saƙonninsa suna hannunsa. Direba mai doguwar tafiya, makiyayi da ke shigowa gari ranar kasuwa kawai, ɗalibin makarantar kwana, kowa yana da batir biyu ko uku. Idan ɗaya ya kumbura, a jefar a sayi wani a bakin titi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Yau kuwa wayar ce gaba ɗaya ke tafiya shagon caji, ta wuni cikin tarin wayoyin mutane. Ka ɗauki matar aure da ke sayar da turare ko atamfa daga ɗakinta ta WhatsApp: duk jarinta, hotunan kayanta, bashin da take bi, hirarta da 'yan uwa, suna cikin abin da za ta miƙa wa yaro ya kai caji da safe. Har ya dawo da ita shagonta a rufe yake, hankalinta kuma ba a kwance ba.

Nokia bai faɗi a nan ƙasar don wayoyinsa sun lalace ba. Jinkiri ya yi wajen ganin abin da ke gaban kowa. Kira daga layi zuwa wani layin daban ya fi tsada, sabis ɗin wannan kamfani yana kamawa a ƙofar gida, na wancan sai a bakin kasuwa, don haka mutane suka riƙa yawo da waya biyu ko su yi ta musayar sim da farce. Wayoyin Sin marasa suna, masu sifika mai ƙarar gaske da eriyar talabijin, su suka fara kawo mai cin layi biyu, aka yi ta yi musu dariya ana saya. Nokia bai fito da nasa ba sai wajen 2010 zuwa 2011, kuma a 2014 sashen wayoyinsa ya koma hannun Microsoft.

Wanda ya ci gajiyar wannan giɓi shi ne wani ɗan kasuwar Sin, Zhu Zhaojiang, wanda ya kafa kamfanin Transsion a 2006, ya kuma karkatar da akalarsa zuwa Afirka tun daga 2008. Mutane da yawa ba su san sunan kamfanin ba, amma suna riƙe da kayansa, domin Tecno da Itel da Infinix duk nasa ne, haka ma cajojin Oraimo. Ya yi waya mai layi biyu, har da mai huɗu. Ya sa batir mai girma. Ya sa Hausa da Amharanci da Suwahili cikin harsunan waya. Ya gyara kyamara ta yadda za ta fitar da fuskar baƙin mutum a fili, lokacin da wayoyi masu tsada ke mayar da mu inuwa a hoton biki idan rana ta faɗi. Ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha a 2011, ya kuma kafa wuraren gyara na Carlcare a garuruwan da manyan kamfanoni ba su taɓa tunanin aika wakili ba. A 2019 aka sa hannun jarinsa a kasuwar Shanghai, kuma shekaru da yawa ke nan kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Ba na cikin masu raina Tecno. Mai raina ta ya manta cewa ita ce ta fara sa wa mai shayi da ɗan acaba da malamin firamare intanet a tafin hannu. Wanda ya zo ya tambayi yadda kake rayuwa kafin ya ƙera maka abu, ya cancanci kuɗinka fiye da wanda ya turo maka ragowar abin da ya yi wa wasu.

Sai dai duk kamfanonin nan, na tsada da na araha, sun haɗu a kan abu guda da nake ƙi: sun liƙe bayan babbar waya da gam. Hujjarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wayar da aka rufe ruf ta fi siranta, ta fi jure ruwa, kuma ta fi ɗaukar babban batir. Shi BL-5C ƙarfinsa bai wuce 1,020 da kaɗan ba a ma'aunin da ake rubutawa mAh, na yanzu kuwa 5,000 ya zama gama-gari. Amma batirin lithium ba ya dawwama, girmansa ba ya hana shi tsufa. Kamfanin Apple da bakinsa ya daɗe yana cewa batirin tsofaffin wayoyinsa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana iya nakasa shi har abada. To a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ka haɗa da shagon caji mai rufin kwano, wayoyi jere a kan katako suna dumama juna, wutar janareta tana hawa tana sauka, caja kuma jabu. Batirin da zai shekara huɗu a ƙasar sanyi, a nan ba ya kaiwa. Ranar da ya gaza, gilashin wayar lafiya lau, kyamara lafiya lau, amma mai ita ya fara tunanin sabuwa. Kamar a sayar maka da fitilar ƙwai ne a ce in lagwani ya ƙare sai dai ka sake fitila.

Kada a ce zato ne kawai. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone idan batirinsu ya yi rauni, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne. Ko da haka ne, bai gaya wa masu wayoyin ba, da yawansu kuma suka ɗauka wayar ce ta tsufa alhali sabon batir kawai take buƙata. A Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25 kan wannan ɓoyewar.

Wannan ya kawo ni kan iPhone 'yar Landan, wadda ta zama abin kece raini tsakanin samari da 'yan mata. Waya ce mai kyau, ba na musu. Hotonta ya fi, kuma kamfanin yakan ci gaba da sabunta manhajarta shekaru masu yawa. Amma wadda ke isowa hannun yawancinmu wani ya riga ya sha romonta a Amurka ko Ingila, batirinta ya ci rabin rayuwarsa. Tun daga samfurin XS da XR, in aka sa mata batirin da kamfanin bai tantance ba, sai ta riƙa nuna gargaɗi. Kamfanin kuma ba shi da kanti nasa na kansa ko ɗaya a nahiyar Afirka, sai dillalai. Sau da yawa ina ganin yaro ya tara kuɗin wata da watanni, ko ya ci bashi, ya sayi waya don alamar da ke bayanta, sannan ya koma yawo da fawa-bank a ɗaya aljihun, igiya na reto tsakani. Abin yana ba ni tausayi, domin na san ba sakarci ne ya kai shi ba. A cikin tsararsa ana auna mutum da abin da ya ajiye a kan tebur, kuma ba kowa ke da zuciyar jure raini ba. Amma kuɗin nan da zai saya masa sabuwar waya mai garanti, ya rage canjin da zai ja jari.

Waya tana da mutuwa ta biyu da ba a gani da ido. Jikinta garau, batirinta da sauran ƙarfi, amma manhajojin da ake buƙata sun daina hawa kanta. Masu BlackBerry sun ɗanɗana wannan: wayar da a wajen 2011 in ba ka da lambar manhajar hirarta ta BBM ba ka cika ɗan gayu ba, a Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ta gaza ta 5. Manhajojin banki ma haka suke yi lokaci-lokaci. Kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, waya ta tashi daga abin hira ta zama lalitar mutum. Mai kayan miya da mai nama duk sun koyi karɓar taransifa ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Wanda wayarsa ta daina ɗaukar manhajar banki an rufe masa ƙofar ciniki. A nan ne rashin adalcin ya fi fitowa. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi wa manyan wayoyinsu masu tsada alkawarin sabuntawa na shekara 7. Wayar talaka kuwa ba kasafai take samun ko rabin haka ba. Mai kuɗi ya saya sau ɗaya ya huta, marar shi ya saya sau uku a tsawon lokaci guda. An ce araha ba ta ado, amma a nan har tsada take yi a ƙarshe.

Ga kuma wata ɗabi'a da ta yi yawa a wayoyi masu sauƙin kuɗi, wadda nake ganin cin amana ce. Ka kunna sabuwar waya ka tarar an riga an cika ta da manhajojin da ba ka nema ba, wasu ba sa goguwa, suna jefo talla a kan fuska, suna cin data a ɓoye, suna cinye wurin ajiyar da dama bai isa ba. Waya mai gig 32, kafin ka sa hoto ɗaya an ci kaso mai tsoka. Saƙonnin murya na zauren dangi da bidiyon biki su ƙarasa sauran cikin 'yan watanni. Datar nan kuma da kuɗi ake saye, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mutumin da ya biya kuɗin waya cif bai kamata a mayar da aljihunsa allon talla ba tare da yardarsa ba.

Da ba don masu gyara ba, da lamarin ya fi haka muni, musamman bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, farashin waya ya bi ta. Duk wanda bai taɓa zama ya kalli aikin samarin Farm Centre a Kano ba, ya je ya gani. Yaro ne zai ɗora waya a kan faranti mai zafi har gam ya saki, ya zare gilashi da siririyar waya, ya sa fanel a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ciro wani abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya dasa wani da dalma. Da yawansu ba su yi karatun injiniya ba. A gaban maigida suka koya, suka ƙara da bidiyon YouTube, wani lokaci cikin harshen da ba sa ji, hannun mai koyarwar kawai suke bi. Kayan gyaran daga kasuwar Huaqiangbei ta birnin Shenzhen suke tasowa, wasu su biyo ta Computer Village da ke Ikeja. Kamfani ya ƙera waya da nufin kada a buɗe ta, su kuma sun buɗe ta, sun ƙara mata shekara biyu ko uku. A ganina suna cikin masu fasaha mafi amfani a ƙasar nan, kuma ba a ba su girman da ya dace da su.

Ba na wanke su duka. Akwai mai sa maka gilashin jabu ya karɓi kuɗin orijina. Akwai mai cire lafiyayyen abu ya musanya da mai rauni. Akwai wanda in mace ta kawo gyara sai ya shiga hotunanta, kuma an ga gidajen da wannan ya girgiza. Akwai masu sayen wayar da suka san ta ƙwace ce, alhali sun san a kan waya ake zubar da jinin bayin Allah a lunguna. Shi ya sa nake ce wa mutane su riƙe mai gyara ɗaya da suka yarda da shi, su tsaya a kansa in gyaran na minti kaɗan ne, su kuma tambaye shi tun kafin su sayi waya: wacce ce kayanta suka fi samuwa, wacce ce ta fi dawowa teburinka da ciwo iri ɗaya? Amsarsa ta fi duk wani talla, domin shi ne ke ganin cikin wayar bayan an gama yabon bayanta.

Ni kaina waya biyu nake riƙewa, kamar yadda mutane da yawa suka koma yi. Babba don karatu da saƙonni da hoto, ƙarama mai madannai don kira da lambobin banki na tauraro da ake dannawa ba sai da data ba. Ƙaramar ita nake fitarwa a kan titi da dare, ita ce kuma ba na fargabar cajinta in tafiya ta kama ni. Har yanzu ana buɗe bayanta da yatsa. Wajen zaɓen babbar kuwa, na fi son mai matsakaicin kuɗi wadda ta cika kasuwa, mai wurin ajiya gig 128, a kan wadda ta fi ta kyau amma in ta fashe sai an yi odar gilashinta daga waje. Ba na barin ta a rana ko a ƙarƙashin matashi tana caji, kuma ba na yi mata rowar caja mai kyau, don cajar banza ita ce ta fi kashe batir da bakin caji.

Amma dabarar mutum ɗaya ba ta isa ba, kuma an ga inda hukuma ta sa baki abu ya canza. Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen Disambar 2024, kuma tun kafin wa'adin ya cika Apple ya sauya a iPhone 15 ta 2023, ga duniya baki ɗaya. Daga Yunin 2025 duk wayar da za a sayar a can dole kayan gyaranta su ci gaba da samuwa shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, manhajarta kuma a sabunta ta aƙalla shekara 5. Wata dokar tasu ta 2023 ta ce daga 2027 batirin na'urorin hannu ya zama wanda mai abu zai iya canzawa, duk da an bar wasu kafofi na togiya. Mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, zafinsu bai kai namu ba, albashinsu ya ninka namu, su ne suka tsaya kai da fata a kan wannan. Mu da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 a Najeriya ba su da wutar lantarki ta gwamnati, mu ne muka fi kowa buƙatarsa.

Hanyar kuma a buɗe take. Doka ta ce kowane samfurin waya sai NCC ta tantance shi kafin a sayar a ƙasar nan. Ba abin da zai hana a ƙara sharaɗi a takardar tantancewar: kamfani ya rubuta a jikin kwali shekara nawa zai sabunta manhaja, ya ajiye batir da gilashi na gaske a cikin ƙasa a farashin da aka sani, ya sayar wa masu gyara na kasuwa ba wakilansa kaɗai ba, ya kuma bar mai waya ya goge duk manhajar da ba ya so. Tun Disambar 2020 hukumar nan ta sa miliyoyin mutane suka yi layi a rana don haɗa layinsu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wanda bai yi ba aka rufe masa layi. Kamfanonin da ke shigo da wayoyin ba su kai yawan mutanen layi ɗaya daga cikin waɗancan ba, kuma duk an san ofisoshinsu.